Kunnen Hagu na Zomanyar Rokuro

Shekara hamsin da ɗaya Nagumo Rokuro ya yi da matarsa, bai taɓa kiran sunanta ba. Ni shaida ce, don katangar katako kawai ta raba gidansu da rumfata ta awara a layin bayan kasuwar Numata, kuma katangar nan ko tarin mutum ba ta ɓoyewa. "Ke" yake ce mata. "Ke, shayi." "Ke, ina tabarauna?" In ransa fari ne ya ɗan ja kalmar, in a ɓace yake ya datse ta. Sunanta Kikuno, suna mai daɗin faɗa, amma a bakin mijinta sai ka ce ƙayar kifi.

Kada in ɗora masa laifin da ba nasa shi kaɗai ba. Mazan zamaninmu haka suke. Nawa marigayin ma "ke" ce, sai ya sha giyar shinkafa yake tunawa iyayena sun raɗa mini Shizu. Amma Rokuro ya fi kowa. Ni "mai awara" ce a wurinsa, 'yarsa tilo kuwa "yarinya" ce har ta yi furfura a Osaka.

A kan dutse aka haife shi, gidan manoma, shi ne namiji na shida. Iyayensa ba su wahalar da kansu wajen neman suna ba, don Rokuro ɗin ma "ɗa na shida" yake nufi. Gida mai 'ya'ya tara wa zai tsaya sauraron na shida? Sai aka haɗa shi da zomayen gidan, farare, waɗanda ake kiwo don gashi da nama a shekarun yunwa. A gabansu ya koyi magana, kuma ina ganin a can maganar ta tsaya. Yana da shekara goma sha biyar ya sauko gari koyon gyaran keke, ya yi ta yi har ya buɗe nasa shagon. Da aka haɗa su da Kikuno sau ɗaya suka zauna shan shayi kafin biki. Ta ce mini tun daga farko har ƙarshe butar shayin yake kallo, har ta fara kishi da butar.

Ya haura arba'in ya je Tokyo sayen kayan keke, ya dawo da kwali mai huda a kan cinyarsa. Zomaye biyu ne a ciki, irin masu kwantaccen kunne, wanda ke zubowa gefen fuska kamar ɗankwalin da aka kwance. Ba wanda ya taɓa ganin irinsu a layinmu. Ni cewa na yi ba su da lafiya. Daga ranar kekuna suka koma abin neman abinci, zomaye suka zama rayuwarsa, ni kuma na samu mai kwashe mini dusar wake kowace safiya.

A wurinsa na san ashe ba da kwantaccen kunne ake haihuwarsu ba. Ɗan zomon yana fitowa tsirara, ido a rufe, kunnuwa 'yan mitsi-mitsi a manne da kai. Sai su miƙe tsaye kamar na kowane zomo. Sai ya yi wata guda ko fiye, kansa ya fara faɗi, gindin kunnen ya matsa gefe, sannan kunnen ya fara sunkuyawa. Ba tare suke kwanciya ba. Ɗaya kan riga, ɗayan ya yi kwanaki a karkace, wani har watanni, wani kuma ya ƙi sam. Rokuro kan ɗora babban yatsansa a tsakiyar kan ɗan zomo, ya lumshe ido ya ce, "Kwana goma." Da wuya ya kuskure da fiye da kwana biyu.

Dokokinsa uku ne, kuma hali zanen dutse. Ba ya sallamar zomo sai kunnuwansa biyu sun kwanta. Ba ya raɗa musu suna, wai wannan haƙƙin wanda zai tafi da su ne. Ta ukun ta fi zafi: ba a taɓa kunne. Akwai masu gaggawa da ke murza gindin kunnen, wasu har su liƙe shi da salatif don ya yi saurin faɗuwa. Wani mutum ya taɓa zuwa daga Maebashi da tsaleliyar mota yana tambayar wane irin salatif ya fi kyau. Da famfon keke Rokuro ya raka shi har bakin titi. Ran nan na ji magana mafi tsawo da ya taɓa yi wa ɗan Adam: "Kunne ya san ranarsa. Kai ka san taka?"

To, ga yadda aurensu ya yi tafiya. Kullum da safe, daidai lokacin da nake zuba awarar farko a ruwan sanyi, shi yana bayan gida yana raba ciyawa keji-keji, yana hira da zomaye. Tagar kicin ɗin Kikuno tana daidai kansa.

"Ku gaya wa matar gidan nan miyar jiya gishiri ya yi yawa," in ji shi.

Sai ka ji muryarta ta taga: "Ku ce masa tukunya ba ta cizo, ya gwada da kansa."

"Ku ce mata gwiwata ta tashi."

"Ku ce masa maganin yana inda ya ajiye shi bara."

Haka aka yanke shawarar makarantar 'yarsu, haka aka yi faɗa a kan rufin gida, haka aka shirya. Shekarar da aka yi wa Kikuno aiki a ciki ta yi mako uku a asibiti. Washegarin dawowarta na ji shi yana cewa, a hankali, "Ku ce mata gidan nan ba ya zaunuwa in ba ta ciki." Da rana ta shigo rumfata idonta jawur, ta sayi awarar da ba ta buƙata.

Da sanyin shekarar da ta cika saba'in da huɗu likita ya ce ciwon daji ne, kuma ya yi nisa. Da furanni suka fara buɗewa ta ce a mayar da ita gida. Aka shimfiɗa mata katifa a ɗakin da ke kallon bayan gida, a zuge ƙofa tana ganin kejin. A lokacin wata zomanya ta haifi huɗu. Uku kunnuwansu suka kwanta lafiya lau. Ta huɗun, 'yar mace mai launin gasasshen waken suya, na dama ya kwanta, na hagu ya tsaya ƙiƙam. Kikuno ta gan ta ta yi dariya har da riƙe haƙarƙari, ta ce a kawo mata ita.

Ina ɗakin ranar, na kawo mata awara mai laushi da ɗuminta, don ita kaɗai take iya haɗiyewa. Rokuro ya ajiye 'yar zomanyar a kan bargo, ya durƙusa daga gefe.

Kikuno ta ce, "Maigida, wata alfarma nake nema."

"Mece ce?"

"Ka kira sunana."

Ya dubi bargo. Ya dubi bango. Ya ce, "Ai kin san sunanki."

"Na sani. Kai ne ban tabbata ka sani ba."

Na ga leɓensa ya buɗe. Ni kuwa da bakina da ba ya iya zama wuri ɗaya sai na ce, "Haba Rokuro, gaɓa uku ce fa. Ki-ku-no. Ko jaririn da ke koyon magana zai iya."

Ya rufe baki. Ya miƙe ya ce hadari ya taso, bari ya rufe keji. Sama kuwa fes take, ko ɗigon gajimare babu. Har yau in na tuna sai in ji kamar in ciji harshena. Da na yi shiru, da na ɗauki kwanona na fita, wataƙila da labarin nan bai kai a ba da shi ba.

Kikuno ta ce, "Ƙyale shi, Shizu. Ba ƙi ya yi ba, hanyar ce ta toshe."

Da ya dawo ɗaukar zomanyar ta riƙe ta. Ta shafa kunnen da ke tsaye da ɗan yatsa, ta ce, "To, in ba za ka iya a fuskata ba, ga wannan. Dama ta bakin zomaye na saba jin ka. Kunnen nan na hagu nawa ne. Ka faɗa a ciki, zan ji, ko ina nan ko ba na nan. Amma ka fi ni sanin aikinka, kunne ba ya jiran kowa. Kwana nawa ya rage masa?"

Ya ɗora babban yatsa a kan 'yar zomanyar, ya lumshe ido. "Wata guda. In ya daɗe, wata da rabi."

Ta ce, "To ya fi ni lokaci."

Kwana tara ta ƙara. Da hantsi ne, ina wanke ƙyallen tace wake, sai na ji shi ta katanga. "Ke." Shiru. "Ke." Ya ja ta, ya datse ta, ya faɗe ta duk yadda ya iya faɗarta a shekara hamsin da ɗaya. Na ajiye ƙyallen na zagaya. Yana durƙushe ya dafa kafaɗarta, shayin da ya kawo mata yana tururi a gefe.

Malamin haikali ya zo ya raɗa mata sunan lahira, dogo mai wuyar karatu, ya rubuta a farin allo aka ajiye gaban hotonta. A wurinmu kowa ya san mamaci ba ya nisa da gida sai ya cika kwana arba'in da tara. Ran nan ake sauya farin allo da baƙi, a kai ƙasusuwan da suka rage bayan ƙona gawa kabari, ta tafi da sabon sunanta. Saboda haka abu biyu ke ƙirga wa Rokuro kwanaki, allo da kunne, kuma ya san kunnen ne zai riga.

Ban ɓoye ba, kasa kunne na riƙa yi kowace safiya. Sai ya gama da sauran zomayen tsaf, sannan ya buɗe kejin ƙarshe, ya zauna a kan akwatin kayan keke. Sai ya yi gyaran murya.

"Ki gaya mata na ƙona shinkafa."

Washegari: "Ki gaya mata ban ga inda take ajiye safa ba."

Wata rana labarin tsuntsayen da suka dawo gindin rufi, wata rana cewa yarinya ta yi waya. Ya ba ta labarin komai da ke ƙarƙashin rana, sunan ne dai babu. Na daure mako biyu, wanda a wurina ba ƙaramin jihadi ba ne, sannan na tare shi da ya zo ɗaukar dusa.

"Ka faɗa?"

"Gobe."

"Jiya ma gobe ka ce wa kanka. Kunnen nan ya fara karkacewa, ni da ba gwana ba na gani."

Ya yi mini kunnen uwar shegu, ya ɗauki bokitinsa ya fita.

Ranar kwana na talatin da rasuwarta ya manta bokitin, na bi shi da shi har bayan gida. Abin da na tarar ya sa na tsaya cak. Zomanyar na kan cinyarsa. Ya yanko kwali ya naɗe shi kamar bututu, ya zura kunnen hagun a ciki, ya liƙe da salatif don ya tsaya. Mutumin da ya kori baƙo da famfon keke. 'Yar dabbar sai girgiza kai take tana kai ƙafa tana sosawa, gindin kunnen ya yi ja.

Na ce, "Rokuro, kai ne kuwa? Ka gwammace ka ɗaure kunnen dabba da ka kwance bakinka?"

Bai ɗago ba. Ya fara ɓare salatif ɗin a hankali, gashi ɗaya-ɗaya, yana ba ta haƙuri. Da ya cire kwalin kunnen ya sunkuya rabi, ya tsaya a kwance a iska, bai faɗi ba.

"Tun jiya yake a ɗaure," in ji shi. "Na cuce ta."

"To ka faɗa mana, yanzu. Ni zan fita, zan ma toshe kunnena."

"Ba ke ba ce."

"To mene ne? Kunya? Matar ta mutu, wa ya rage ka ji kunyarsa?"

Ya daɗe yana shafa bayan zomanyar. Sannan ya ce, "Mai awara, kin san ta. Ba ta barin gida in akwai abin da take jira. Ko wanki ne a igiya sai ya bushe take fita. In na faɗa, me kuma za ta jira?"

Duk kwanakin nan ina zaginsa a zuciya, ina cewa taurin kai ne, ashe riƙe ta yake yi da abu ɗaya da ya rage masa. Na ajiye bokitin na koma rumfa na yi kuka, kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Duk da haka da yamma na koma, don ni ba na iya barin magana rabi. Na ce masa, "Ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba, ranar arba'in da tara za ta tafi. Gara ta tafi da shi a hannu." Ya gyaɗa kai. Ya ce zai faɗa a daidai ƙarshe, ranar da ya ga kunnen ya kusa, don kada a yi asarar ko kwana ɗaya. Ya ɗora yatsa a kanta ya ce saura kwana goma sha huɗu. Na yarda, tunda ban taɓa ganin yatsan nan ya yi ƙarya ba.

Kwana goma sha ɗaya aka yi. Ko ɗaurin nan ne ya raunana gindin kunnen, ko yatsan ne ya faɗa masa abin da yake so ya ji, ban sani ba. Da safiyar kwana na arba'in da ɗaya ya shigo rumfata ba bokiti, zomanyar a ƙirjinsa. Kunnuwanta biyu sun zubo daidai wa daida, ta yi kyau, irin kyan da ya shekara talatin yana nema a zomo.

Ya ce, "Ya kwanta."

Sau ɗari na ji kalmar nan a bakinsa, kullum da murna. Na ce, "Ɗaga shi da yatsa ka faɗa. Kunne dai kunne ne."

Ya girgiza kai. "Wanda ke tsaye ta ce. Kunnen da aka ɗaga da hannu ba nata ba ne."

Na yi masa magiya, na yi masa faɗa, na ce saura kwana takwas tana nan gindin rufi, ya fita tsakar gida ya ƙwala kira. Ya tsaya yana kallona kamar yaron da jirgi ya tafi ya bari. Ranar arba'in da tara malamin haikali ya karanta dogon sunan, aka ɗauke farin allo aka sa baƙi. Rokuro na zaune a sahun gaba cikin baƙar kwat, bakinsa a rufe gam.

'Yarsa ta so tafiya da shi Osaka, ya ƙi. Ya rarraba zomayen ga mutanen da ya yarda da su, ya wanke kejin ya jingine su a bango, ya ce ya gama. Zomanyar nan kaɗai ya bari, ya shigar da ita ɗakin da ke kallon bayan gida. Safiya ta koma shiru a layinmu, har na riƙa kunna rediyo don kada in ji shirun.

Cikin damina ne, wata safiya ana yayyafi, ina kwashe awara daga ruwa, na ji ta katanga. Muryar a shaƙe, kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba.

"Kikuno."

Ludayin ya suɓuce mini ya faɗa ruwa. Na ji ya sake, wannan karon ya fi fita. "Kikuno, zo ga ganyen karas."

Ya karya dokarsa ta biyu, ya raɗa wa zomanyar suna. Daga ranar kuwa sai ka ce an fasa madatsar ruwa. "Kikuno, sauka daga kan matashi." "Kikuno, kin ga ruwan ya ɗauke." "Kikuno, na sake ƙona shinkafa." Sau hamsin a wuni, har mai kawo wasiƙa ya tambaye ni ko tsohon ya fara ruɗewa. Na ce masa ya kula da wasiƙunsa. Sunan ya zauna a bakinsa da kyau, ba gargada, ka ce tun yana saurayi yake faɗarsa. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Shi da kansa ya taɓa koya mini cewa zomon da kunnensa ya kwanta ba ya ji sosai, don kunnen ya rufe ƙofar. Ya fi kowa sani. Yana kiranta tana ci gaba da abin da take yi, sai ta ga inuwar hannunsa take ɗagowa.

Bara da kaka na kai masa awara na same shi zaune a bakin ƙofa, ya rame, zomanyar na tsakar gida ta ba shi baya. Ya kira ta sau biyu. Sannan ya juyo ya dube ni, abin da ba ya yi.

"Mai awara, kina ganin tana ji?"

Na san ba zomanyar yake nufi ba. Na ce, "Ni dai ina ji ta katanga, kuma ka san Kikuno ta fi ni kunne."

Ya gyaɗa kai, ya karɓi kwanon da hannu biyu ya yi godiya. Ko gaskiya na faɗa masa ko ƙarya, har yau ban sani ba. Na kai bakin ƙofa na ji ya sake kira. Na waiwaya, zomanyar na can tana cin ganyenta, ba ta juyo ba.